Tufafi Ko Kuɗi?

Tambaya: Malama, mun tara tufafi a Islamiyyarmu don 'yan gudun hijirar Borno. Mu aika, ko mu sayar mu tura kuɗin? — Wata uwa, Zariya

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni dai kuɗin na fi so. Tun da aka rufe sansaninsu na Bakassi da ke Maiduguri a 2021, da yawansu suna raɓe a unguwannin Maiduguri, wasu har haya suke biya. Uwar da ɗanta ke fama da tamowa gero da magani take nema. Atamfarki kuwa kasuwa za ta kai, a saya a wulaƙance. Ku ware barguna saboda hunturu. Sauran ku sayar, amintacce ya miƙa kuɗin hannu da hannu.