Gidan da kake ciki jari ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rumfa a Kantin Kwari, ina zaman haya a Kurna da iyalina. Yayana ya ce in zari rabin kuɗin kasuwata in haɗa da abin da na tara in sayi gida a Rijiyar Zaki, wai gida ma jari ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yayanka bai yi ƙarya ba, amma ya haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin jari: kuɗin da zai fita ya dawo da riba, ka sake juya shi. Dilar atamfa za ka iya juya ta sau da yawa a shekara. Gidan da kake kwana a ciki ba ya juyawa, shi ke ci daga aljihunka. Damina ta wuce ka ga silin ya yi taswirar yoyo, fenti ya kumbura a gindin bango, masai ya cika sai an kira masu yashewa. A gidan haya wannan ciwon kan mai gida ne.

Abin da gidan zama ke ba ka shi ne kuɗin hayar da ka daina biya, sai ka auna shi. Misali, a ce gidan naira miliyan 30 ne, irinsa kuma ana hayarsa miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kashi 5 cikin ɗari ke nan, kafin a cire gyara. Rumfarka nawa take kawo maka a kan miliyan 30? Kai ka san amsar.

Inda yayanka ke da gaskiya shi ne wajen adana darajar dukiya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ya wuce kashi 30. Wanda ya ajiye kuɗinsa a banki ya ga yadda suka narke, mai gida bai gani ba. Sai dai a lura, filin ne ke tashi, ginin kuwa tsufa yake yi. Shi ya sa za ka ga an sayi tsohon gida a Nasarawa da kuɗi masu nauyi, a rushe shi tun daga tushe. Kuma tashin farashin a baki yake har sai ka sayar. Ranar da ka matsu, dillali zai yi ta kawo masu kallo wata da watanni, a taya maka a wulaƙance, ga la'ada. In ka sayar ɗin ma, ina za ka kai iyali?

Shari'a ma ta bambanta su. Gidan zama ba a fitar masa da zakka, na haya kuwa a kuɗin hayar take, idan ya kai nisabi ya kuma shekara.

Sai batun takarda, wanda mutanenmu ke wasa da shi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kai haƙƙin zama ake ba ka, galibi na shekara 99. Gida a awon igiya mai takardar mai unguwa kaɗai ba ya daraja kamar mai satifiket, banki ma ba ya karɓarsa jingina. Ka je KANGIS, ofishin bayanan filaye na gwamnatin Kano, a duba maka kafin ka ba da ko sisi, in gidan gado ne kuma ka tabbata duk magada sun sa hannu.

Shawarata, ka sayi gida don rufin asiri, da kuɗin da ka tara a gefe. In ba su kai ba, ka sayi fili mai takarda ka kewaye shi, ka riƙa ɗora bulo daga ribar rumfa. Uwar kuɗin kuwa ka bar ta a Kwari.