Wane irin kwantak lens ya dace da ni a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Agege, ina aiki a Ikeja. Tun ina makarantar sakandare nake sa tabarau saboda ba na ganin nesa, lambata -3.00 ce a idanu biyu. Na gaji da shi, ina son komawa kwantak lens, irin wanda ake liƙawa a ƙwayar ido. Na ga ana tallarsa a Instagram da araha. Zan iya saya da lambar tabarauna? Kuma wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki saya tukuna. Takardar tabarau ƙarfin gilashi kawai ta nuna, shi kuwa lens a kan tantanin nan mai haske da ya rufe baƙin ido yake zama, don haka dole a auna lanƙwasar tantanin da faɗinsa. Yawancin masu laushi faɗinsu wajen milimita 14 ne, lanƙwasarsu kuma tsakanin 8.4 da 8.8, amma ɗan bambancin nan yana da tasiri. Wanda ya matse yana hana hawaye zagayawa a ƙarƙashinsa, wanda ya yi sako-sako kuma yawo zai riƙa yi duk ƙiftawa. A lambarki ƙarfin zai iya zuwa ɗaya da na tabarau, sai lamba ta haura 4.00 ake yawan sauya shi. Mai talla a waya ba shi da hanyar sanin ko idonki yana bushewa, ko kina da astigimatizim, wato tantanin bai lanƙwashe daidai ta kowane ɓangare ba, wanda lens na musamman yake buƙata.

Ki je wurin likitan auna ido mai rajista da ODORBN, hukumar da ke yi wa masu auna ido rajista a Najeriya. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, akwai a na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) nan Ikeja kusa da wurin aikinki, ga asibitocin ido masu zaman kansu. Za a saka miki na gwaji, a duba zamansa, a koya miki sakawa da cirewa.

Batun wanne ya fi, in aljihu zai ɗauka, na kwana ɗaya nake zaɓa wa mazaunin Legas. Ki buɗe sabo da safe, ki jefar da dare, babu wanki babu ajiya. Ki duba abin da idonki yake sha tsakanin Agege da Ikeja: hayaƙin danfo, na janareta, ƙurar titi, ga sanyin na'urar ofis mai busar da ido, in hunturu ya shigo kuma hazo ya ƙaru. Duk wannan yana maƙalewa a jikin lens. Na mako biyu ko na wata ya fi sauƙin kuɗi, kuma wanda aka yi da silikon yana barin iska ta isa ido sosai, amma kullum sai kin murza shi da ruwan maganinsa, kin zubar da na jiya kin zuba sabo, kin kuma sauya ɗan akwatinsa duk wata 3. Lissafin watan daga ranar da kika buɗe yake farawa, ko kin sa ko ba ki sa ba. Masu tauri kuwa galibi ga masu matsala ta musamman ake ba su, ba na jin za ki buƙace su.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Akwai wata ƙwayar cuta, akantamiba, da ke rayuwa a ruwan famfo, na burtsatse da na tanki. In ta shiga tsakanin lens da ido tana cin tantanin, maganinta yana ɗaukar watanni, wani lokaci ganin ma ba ya dawowa. Don haka ko ruwan leda kada ya taɓa lens ɗinki, balle yawu. Ki cire kafin wanka. Wajen alwala ki runtse ido in za ki wanke fuska, malaman fiƙihu ba su wajabta shigar da ruwa cikin ido ba, sannan ki goge fuskar kafin ki buɗe. Hannu ma a wanke da sabulu, a tsane shi sarai kafin a taɓa lens.

Kada ki yi barci da shi, ko da na rana ne. Kwalli kuma, sai bayan kin saka lens, kuma a wajen gashin ido, domin wanda aka zizara a ciki yana ɓata shi. Masu launi da ake sayar wa amare a kasuwa, dokar ɗaya ce, sai an auna.

Tabaraunki ki riƙa yawo da shi a jaka. Duk ranar da ido ya yi ja, ya yi zafi, haske ya dame ki ko gani ya dushe, ki cire lens nan take, kada ki ɗiga wani maganin kemis, ki tafi asibitin ido a ranar tare da lens ɗin da akwatinsa, domin ana iya gwada su a gano irin ƙwayar cutar.