Aiki ba ya yankewa amma kuɗi ba sa zama: ina matsalar ƙaramin kamfanin ba da shawara take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina aikin akanta a wata ƙungiya mai zaman kanta kafin na ajiye aiki na buɗe ƙaramin kamfanin ba da shawara a Kano, ni da ma'aikata biyu. Muna daidaita wa 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi littattafan kuɗi, muna rubuta musu tsarin kasuwanci, muna kuma horar da ma'aikatansu. Aiki ba ya yanke mana, amma da ƙyar nake haɗa albashi a ƙarshen wata. 'Yan uwa da abokai shawarar kyauta suke so, waɗanda suka yi alkawarin biya suna ja mini rai, aikin da muka yi ciniki a kansa kuma kullum ƙaruwa yake yi ba tare da an ƙara mini ko sisi ba. Shin sana'ar ce ba ta da kasuwa a garinmu, ko ni ne ban iya ta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka ce aiki ba ya yanke maka, to maganar rashin kasuwa ba ta taso ba, domin wanda ba a buƙatarsa ba a yi masa sallama. Abin da bayaninka ya nuna shi ne ka iya aikin, amma ba ka riga ka zauna ka tantance abin da kake sayarwa ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san yawan dilar da ke shagonsa, idan kuma bandir ɗaya ya fita ba a biya ba, kafin magariba zai gane. Kai hajarka ita ce kwanakin aikinka da na yaranka, kuma ranar da ta tafi a kan wanda bai biya ba ta tafi ke nan, ba a maido da ita.

Saboda haka ka fara da lissafin da kai akanta ka fi kowa iyawa, amma wanda masu sana'arka ba safai suke yi wa kansu ba. Shekara kwana 365 ce. Idan ka cire Asabar da Lahadi, saura 261. Ka cire hutun sallah biyu da sauran ranakun hutun gwamnati, da kwanakin jinya da biki da ta'aziyya waɗanda babu magidancin da ke tsallake su, za ka dawo wajen 220. Daga cikin waɗannan, babban kaso yana tafiya ne a aikin da babu mai biyansa: rubuta takardun neman aiki waɗanda yawancinsu ba a dacewa, zaman jira a ofisoshi, bibiyar bashi, da harkar haraji. A ɗauka, don misali kawai, kwana 120 ne suka rage waɗanda za ka iya rubuta wa wani takardar neman biya a kansu, kuma hayar ofis da albashi da man janareta da data da abin da gidanka ke ci sun kai naira miliyan 18 a shekara. Kuɗin yininka ke nan ba zai yi ƙasa da naira 150,000 ba kafin a zo maganar riba. Kuskuren da masu barin aikin albashi suka fi faɗawa shi ne su raba tsohon albashinsu da kwana talatin su ce kuɗin yininsu ke nan, sun manta cewa a da ƙungiyar ce ke biyan haya da wuta da mota da fansho. Wannan shi ya sa mutum zai wuni yana aiki, ofis cike da fayiloli, asusu kuma babu komai.

Batun 'yan uwa da abokai ya fi wuya, domin ba lissafi ba ne, kunya ce. A al'adarmu shawara abu ne da ake bayarwa don Allah, kuma wanda ya zauna da kai awa biyu ka warware masa matsalar da ta kusa durƙusar da shagonsa yana ganin hira kuka yi. Ba na goyon bayan ka rufe wannan ƙofa, don zumunci yana da haƙƙinsa, kuma sau da yawa ta bakin irin waɗannan mutane ne aiki mai tsoka ke zuwa. Abin da ya dace shi ne ka yi mata iyaka da kanka tun kafin a zo: zaman farko na ɗan lokaci kyauta ne ga kowa, amma duk abin da zai sa ka buɗe kwamfuta, ka duba rasitai, ko ka rubuta takarda, ya zama aiki. Idan ka ga dama ka yi wa kawunka ko surukinka aiki kyauta, ka rubuta masa takardar da ke nuna ainihin kuɗin aikin, sannan ka rubuta a ƙasa cewa ka yafe. Ya san girman alherin da aka yi masa, kuma gobe idan zai turo abokinsa ba zai ce masa "je ka kawai, ba ya karɓar komai" ba.

Ƙaruwar aiki bayan ciniki da jan rai wajen biya kuwa tushensu ɗaya, wato rashin rubutu. Mutanenmu suna ganin neman sa hannu kamar zargi ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajalinsa. Ba sai yarjejeniya mai shafi ashirin ba. Shafi biyu sun isa, muddin sun faɗi abin da za ka miƙa a ƙarshe, da ranar miƙawa, da takardun da mai aikin zai kawo maka da lokacin kawo su, da yawan gyaran da ya shiga cikin kuɗin, da kuma abin da bai shiga ba. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci kuma shi aka fi mantawa. Mai makarantar da ka daidaita wa littattafan shekara ɗaya zai ce ka ɗan leƙa na bara, daga nan ka ɗan tsara masa jadawalin albashi, daga nan ka raka shi ofishin haraji. Kowanne ƙarami ne a bakinsa, amma idan ka tara su sun cinye mako biyu. Amsar da ba ta ɓata zumunci ita ce ka ce masa za ka yi da farin ciki, kuma gobe za ka turo masa kuɗin wannan ƙarin. Wasu za su biya, wasu kuma nan take za su gano cewa ba sa buƙatarsa.

Kada ka fara aiki babu kafin alƙalami, kuma ka raba biyan gida uku: kaso kafin a fara, kaso idan ka miƙa daftarin farko, ragowar kafin ka miƙa kammalallen aiki. A sana'arka, da zarar rahoto ya shiga wayar mai shi, ƙarfinka ya ƙare, domin babu abin da za ka je ka ɗauko. Haka nan ka sa wa farashinka wa'adi, kamar kwana 30. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta yi ta hawa har ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin da aka yi ciniki a kansu a irin wannan yanayi aka biya bayan wata goma, sunansu ne kawai bai canza ba.

Ka kuma riƙa tambaya tun a zaman farko: wa ke sa hannu a fitar da kuɗi? Sau da yawa wanda ya kira ka, ya yaba aikinka, ba shi ne mai wuƙa da nama ba. A kasuwancin iyali, manaja zai amince amma Alhaji bai ma san da maganar ba. A ƙungiyoyi, sashen kuɗi ba zai biya ba sai da takardar ba da aiki da shaidar kammalawa. Aikin gwamnati kuwa yana da kyau a tarihin kamfani, amma ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyu ya yi hattara da shi. A matakin tarayya, ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ana neman shaidar biyan harajin shekara uku da takardun hukumomi irin su PenCom (hukumar fansho) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata) kafin ma a duba tayinka, kuma biyan yana iya ɗaukar lokacin da jarinka ba zai jure ba. Idan ba za ka iya ciyar da ofishinka wata shida ba tare da waɗannan kuɗi ba, ka bar aikin ga wanda zai iya.

Akwai kuma kuɗin da ke zubewa ta wajen haraji ba tare da an lura ba. Manyan kamfanoni da hukumomi suna cire haraji daga kuɗin mai ba da shawara tun kafin su biya shi, wanda a ƙa'idojin da suka fara aiki a 2025 kashi 5 cikin 100 ne ga mazauna ƙasa. Wannan ba asara ba ce, ajiya ce da za a rage maka daga harajin shekara, amma sai wanda ya cire ya zuba su da lambar harajinka kuma ka karɓi shaida. Idan ba ka bi ba, sau biyu za ka biya. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020, kuma wajibi ne takardar farashinka ta bayyana ko yana ciki ko a kai za a ɗora shi, don rigimar da ake yi a kan wannan jimla guda ba kaɗan ba ce. Sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026 suka kuma maye gurbin hukumar tattara haraji ta tarayya, FIRS, da wata mai suna NRS, sun yi wa ƙananan kamfanoni sauƙi, amma sun sa togaciya a kan masu sayar da aikin ƙwararru, don haka kada ka ɗauka sauƙin ya shafe ka sai ka tantance matsayin kamfaninka. Ka riƙa miƙa wa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bayanan shekara a kan kari, ka mallaki takardar SCUML, wato shaidar rajista da sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da bankuna ke nema daga masu irin sana'arka, sannan ka raba asusun kamfani da aljihunka ka yanka wa kanka albashi. Akanta ne kai, na sani, amma sau da yawa littafin akanta na kansa shi ne wanda aka fi yi wa sakaci a ofis.

Tunda daga ƙungiya ka fito, ina zaton kaso mai yawa na aikinka daga wannan ɓangare yake zuwa. Abin da ya faru a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairu ta kuma rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashe, daga baya, ya nuna haɗarin jingina da bango ɗaya, domin ayyuka da dama a arewacin Najeriya sun tsaya cak, masu ba da shawarar da suka dogara da su kuma suka wayi gari babu aiki. Makarantu biyar ko kantunan magani biyar da ke biyanka ƙayyadadden kuɗi duk wata don ka riƙa duba musu littattafai sun fi maka kwanciyar hankali a kan babbar kwangila guda da ke zuwa sau ɗaya a shekara, ko da jimillarsu ba ta kai tata ba, saboda albashi duk wata ake biyansa.

Wani abin da ba ka ambata ba amma tabbas za ka haɗu da shi, shi ne mai aikin da zai ce ka ɗan gyara alƙaluma don banki ya ba shi rance, ko jami'in da zai ce a ƙara kuɗin aiki a takarda a maido masa da rarar. Ban da haramcinsa da hukuncin doka, ko ta fuskar kasuwa faɗuwa ce. Kano babban gari ne, amma masu duba irin waɗannan takardu a bankuna da ƙungiyoyi sun san juna, kuma rahoton da aka taɓa kamawa da ƙarya yana jawo wa duk na bayansa shakka.

Game da basussukan da kake bi yanzu, ka jera su bisa tsufansu, ka aika wa kowa takarda mai ladabi da ke ɗauke da adadin kuɗi da ranar da kake jiran biya, ka kuma dakatar da duk wani sabon aiki ga wanda bai sauke na baya ba. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Wanda ke cikin matsi na gaskiya, ku rubuta yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya ƙi, ka fara da wani dattijo da yake jin nauyinsa ko shugabannin kasuwarsu, domin sulhu ya fi sauri kuma yana barin ƙofa a buɗe. Idan hakan bai yi ba, Jihar Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, wadda mutum ke iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba, sai dai abin da alƙali zai fara nema shi ne shaida, don haka tun yau ka tattara saƙonnin WhatsApp da imel da shaidar tura kuɗi ta banki na kowane aiki a fayil ɗinsa.