Tambaya da Amsa: Kulob ɗin masu buƙata ta musamman

Tambaya: Anti, mu guragu ne da makafi da kurame a Fagge, muna so mu kafa kulob na aikin gayya da ziyarar marasa lafiya, ta ina za mu fara?

Amsa: Ƙanina ku fara gaida mai unguwa tukun, ta hannunsa ake samun wajen taro, amma fa a duba ƙofa, in akwai matakala mai keke ba zai shiga ba, a kuma samo mai yi wa kurame fassara da hannu. Rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ta jira sai kun yi ƙarfi. Kuɗin da za ku riƙa tarawa duk wata kam mutum biyu su riƙa sa hannu, nan ake ɓatawa wallahi. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna muku wariya, ku nemi kwafinta.