Hoton waya: gani ne ko ji?

Tambaya: Malam, yanzu ana haɗa hoto da bidiyo na ƙarya har mutum ya rantse gaskiya ne. Anya karin maganar nan ta "gani ya kori ji" ba ta tashi aiki ba?

Amsa: Malama, tana nan daram, mu ne muke aza ta inda ba muhallinta ba. Ganin da ake nufi na ganau ne, wanda yana tsaye abin ya auku a kan idonsa. Kishiyarsa jiyau, wanda labari ya iske ta bakin wani. To bidiyon da ya shigo wayarki wani ne ya ɗauka, shi ya zaɓi inda zai saita kyamara, ya datse abin da bai so, wani kuma ya rubuta bayani a ƙasa. Mai kallonsa jiyau ne, sai dai da ido ya ji.

A zamanin rediyo wannan bai rikita kowa ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, mai saurare cewa yake "na ji a BBC", ya faɗi inda ya samo, ya kuma san matsayinsa. Har aka laƙaba wa mai baza jita-jita suna "rediyo mai jini", sunan da ni dai ban ga wanda ya kai shi dacewa ba. Yau kuwa sai mutum ya buga ƙirji ya ce "na gani da idona", alhali saƙo ne da ya ratso hannu goma. Galibi ma ba a buƙatar ƙirƙirarriyar basira: tsohon bidiyon wani rikici a wata ƙasa ake ɗaukowa a sauya masa suna da kwanan wata, shi ke nan ƙanzon kurege ya zama shaida. Saboda irin wannan ne WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo a 2018, a 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda. Alamar tana gaya miki cewa mai turowar ma jiyau ne.

Tambaya: Me ya sa ake kiran salula "waya" alhali babu waya a jikinta?

Amsa: Malam, suna ne ya daɗe ya bar asalinsa. Daga Turanci aka aro kalmar, ma'anarta silin ƙarfe, irin wanda ake ja a kan turaku ya ɗauki saƙon tangaraho. Daga nan aka sami "gidan waya" da "buga waya". Da layukan GSM suka zo Najeriya a 2001, silin ya tafi, sunan ya zauna, aka ƙara masa "salula" ko "ta hannu" don bambantawa. Yanzu ƙarin ma ya faɗi. Ta girke ce ke buƙatar bayani.