Mataimakin AI na WhatsApp: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina tura abaya da dabino da turare zuwa Kano ta kago. Saƙonnin kwastomomi a WhatsApp sun fi ƙarfina. Wasu matasa biyu masu haɗa manhaja kowa ya kawo min tayin mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa amsa musu, ya duba kaya, ya faɗi kuɗin awo. Sun gwada a gabana, duka sun yi kyau, amma ɗaya ya fi araha sosai. Wanne zan ɗauka? Daga Hajiya, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ki yanke hukunci da gwajin da suka yi miki, tambayoyin da suka san zai iya su suka zaɓa. Ki ce kowannensu ya nuna miki bayanin kayan aikin da ya rubuta wa mataimakin.

Ga dalili. Mataimakin ba ya ganin sitonki. Mai haɗawa ne ke ba shi kayan aiki: na duba abin da ya rage, na lissafin kuɗin kago, na bin sawun kayan da suka tashi. Kowanne yana da suna, da ɗan rubutu mai faɗin aikinsa, da guraben da za a cika masa. Haka tsarin yake tun da kamfanin OpenAI ya kawo shi a Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, wato ƙa'idar jona kayan aiki da mataimakan AI da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Wannan ɗan rubutun mataimakin yake karantawa ya zaɓi abin da zai taɓa, tamkar sabon yaron shago da bai san komai ba sai abin da aka rubuta a jikin kwali. In aka rubuta "yana lissafin kuɗi" kawai aka yi shiru, sauran sai ya cika da zato.

A sana'arki zato asara ne. Kuɗin nan riyal ne ko naira? Harajin sayayya (VAT) na kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ke karɓa tun Yulin 2020 yana cikin farashin ko sai an ƙara? Kwanan wata na Hijira ne ko na Miladiyya? In ya ce kaya za su sauka ƙarfe huɗu, agogon ina, tunda Jidda na gaban Kano da awa biyu? Bayani mai kyau yana faɗin duk wannan ƙarara. Yana kuma faɗin inda bai kamata a yi amfani da kayan aikin ba, da abin da za a gaya wa kwastoma in ba a ga lambar kayanta ba. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin mataimakin da ba a koya wa cewa "ban gani ba" yana iya ƙago amsa, ya ce wa mata kayanta suna hanya alhali suna Jidda.

In kin ga kayan aiki biyu masu bayani kusan iri ɗaya, ki tambaya me ya raba su. Duk kayan aikin da ke soke oda ko mayar da kuɗi kuwa, a tsara shi yadda ba zai motsa ba sai kin amince. Galibi da Turanci ake rubuta bayanan, to ki sa wanda kika yarda da shi ya karanta miki.

Daga nan ki tattaro saƙonni kamar ashirin na gaske daga wayarki, masu Hausa gauraye da Larabci, ki goge sunaye da lambobi, ki ba su duka biyun. Ki nemi ganin wane kayan aiki ya kira a kowane saƙo. Mataimakin da ya fi dacewa shi za ki ɗauka, ko shi ne mai tsadar, kuma a sa cikin yarjejeniya cewa gyaran bayanan yana wuyan wanda ya haɗa shi. Wanda ya ƙi nuna miki, ki ba shi haƙuri.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Madina. Na ga kayan aikin MCP na kyauta a intanet, in jona su da mataimakin da ke karanta imel ɗina? Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa: Ɗana, ka karanta bayaninsu gaba ɗaya tukuna. A Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, mataimaki ya karanta ya bi, mai shi bai gani ba. In ka ga bayani yana cewa a buɗe wani fayil da bai shafi aikin ba, ko kada a sanar da kai wani abu, ka cire shi nan take. Ka tsaya ga waɗanda kamfanin da ke da manhajar ya fitar da kansa, kuma duk lokacin da aka sabunta su ka sake karantawa, domin ana iya canza rubutun bayan ka riga ka amince.