Zauren Tambaya: Yini ɗaya ya rage min a Bankok, in je Ayutaya ko in kwanta a otel?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Ni 'yar kasuwa ce a nan Gombe, kayan yara nake sarowa da jakunkuna da takalma, da Dubai nake zuwa sai wata ƙawata ta ja ni Bankok, babban birnin ƙasan Tailan. Wata mai kamawa in sha Allah zamu koma mu uku, kuma in mun gama sari a kasuwan Pratunam mun miƙa kaya wa masu kago akwai yini guda da yake rage mana kafin jirgi, sai dai mu kwanta a ɗaki muna ta danna waya. To wancan zuwan na ga takardan talla a otel ɗinmu, wai akwai mota da take ɗiban mutane da safe ta kai su wani tsohon gari Ayutaya, da mai jagora da abincin rana duk a kuɗi ɗaya, ta dawo da su da yamma. Hotunan sun burge ni wallahi amma duk gumaka ne da ɗakunan ibadan 'yan Buda. Na nuna takardan wa maigidana yace shi bai hana ni ba amma in yi tambaya tukun kar na je na sayi zunubi da kuɗina. Dan Allah Anti ya wajen yake, ya batun sallah da abinci, kuma da hijabina zasu bar ni na shiga?

Maman yara, Jekadafari, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiyata, a gaida maigida, ya yi gaskiya kam gara a yi tambaya. Bari na fara da na hijabin don shi ne mai sauƙi: ba mai hana ki. Dokan wuraren nan shi ne a rufe kafaɗa a rufe gwiwa, masu gajeren wando da shimi su ake tsayarwa a bakin ƙofa a ce su nemo zani su ɗaura, ke kam kin wuce wannan layin tun daga gida. Kuma Ayutaya gari ne da Musulmi suke zaune tun ɗaruruwan shekaru, zaki ga matan garin da ɗankwalinsu a kan mashin suna wucewa, ba baƙon abu bane a idonsu.

Garin yana arewa da Bankok da wajen kilomita 80, kusan kaman ki tashi daga Gombe ki je Bajoga, awa ɗaya da rabi ne a mota in ba'a haɗu da go-silo ba wajen fita. Shi ne babban birnin masarautan Siyam, wato Tailan ta da, tun daga 1350 har 1767 lokacin da sojojin Burma suka ci garin da yaƙi suka banka masa wuta. Koguna uku ne suka zagaye shi, Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi, shi yasa ya zama kaman tsibiri kuma shi yasa kasuwa ta ci a wajen sosai, 'yan Sin da Japan da Fotugal da Holan da Farisa kowa da unguwansa a bakin ruwa. Bayan an ƙona shi ba'a koma an raya shi a matsayin fada ba, sai aka gangara kudu, a 1782 aka kafa Bankok, har ma jan bulon Ayutaya aka rinƙa lodawa a jiragen ruwa ana kaiwa ana ginin sabon birnin da shi. UNESCO ta saka wajen a jerin kayan tarihin duniya a 1991.

To yanzu abun da nake so ki riƙe, don takardan tallan bazata gaya miki ba. Duk sunayen da kika gani suna farawa da Wat, wato ɗakin ibada a yarensu, amma wuraren iri biyu ne. Akwai kufai, akwai kuma inda ake ibada yau ɗin nan da muke magana. Wat Mahathat, Wat Phra Si Sanphet mai hasumiyoyi uku a jere a cikin tsohuwar fada, Wat Ratchaburana, da Wat Chaiwatthanaram na bakin kogi wanda sarki Prasat Thong ya gina a 1630, waɗannan kangaye ne, fili ne a buɗe ba rufi, jan bulo da ciyawa da tantabaru, ki yanki tikiti ki shiga ki zaga ki fito. Amma Wat Phanan Choeng da Wat Yai Chai Mongkhon daban ne. Wat Phanan Choeng akwai gunki a zaune a ciki mai tsayin mita 19, an yi shi a 1324 tun kafin a kafa garin ma, kuma har gobe cike yake da mutane a durƙushe, hayaƙin turaren tsinke, furen bado a hannu, limamansu masu mayafi ruwan lemo suna karatu, dole ki cire takalmi kafin ki taka ciki. Wannan ibadan mutane ce take gudana a gabanki.

Batun hukunci malamin da kuke karatu a wajensa shi zai yanke miki, amma ki je masa da tambayan a rabe kaman yadda na raba miki, kar ki ce masa kawai zan je gidan gumaka. Masu cewa ba komai suna kawo ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da ya kasance, kaman a Suratur Rum. Masu tsanantawa kuma suna kawo maganan Sayyidina Umar da Bukhari ya ambata cewa ba sa shiga majami'u saboda siffofin da suke ciki, da hadisin Hijr, garin Samudawa, inda aka hana shiga sai da kuka. Malamai sun daɗe da saɓani a kai, wasu sun halatta shiga in ba ibada ake ba, wasu sun karhanta, wasu sun hana in akwai gumaka. Ni dai a nawa ganin kufan nan darasi ne tsagwaronsa, birnin da ya yi shekara sama da 400 yana mulki yau ƙadangaru ne suke shan rana a kan katangan fadansa. Wuraren da ake ibadan kuma ba dole, in motan ta tsaya a wajen ki zauna a inuwa a waje ki sha ruwan kwakwa, ba wanda zai ce miki don me. Abun da ba saɓani a kai shi ne kar ki karɓi fure ko turare ko ɗan siririn ganyen zinaren da suke mannawa a jikin gunki, wani lokacin mai jagoran da kansa zai raba wa kowa a mota da zuciya ɗaya wai don neman sa'a, murmushi zakiyi ki ce ke Musulma ce, sun sani, ba sa matsawa.

Amma fa in kin shiga ki mutunta musu wajensu ko da kango ne. A Wat Mahathat akwai hoton nan da kika gani a takarda, kan gunki na dutse shi kaɗai ba jiki, saiwoyin wata bishiya dangin ceɗiya sun nannaɗe shi ta ko'ina fuskan kawai ta leƙo, yana ƙasa ƙasa daf da turɓaya kuma a zahiri bai kai girman da hoto yake nunawa ba. An zagaye shi da igiya, akwai mai gadi a gefe, dokansu shi ne wanda zai ɗau hoto da shi sai ya tsuguna kar kansa ya fi na gunkin tsayi, kina miƙewa zaki ji an yi miki magana. To kin ga wannan tsugunon ni ban ga dalilin da zai sa Musulma ta yi shi ba, ki tsaya daga baya ki ɗauki bishiyan ke ba kya ciki, shikenan kin huta sun huta. Kar a hau kan gini, kar a dafa gunki, kar ki miƙe ƙafa tana kallonsa in kin zauna, kuma mace ba ta taɓa limaminsu ko ta miƙa masa abu hannu da hannu, wannan kam ba zai ba mu wahala ba. Zaki ga gumaka jere jere ba kai, wasu yaƙin ne ya lalata su wasu kuma ɓarayin kayan tarihi ne suka sare suka sayar daga baya. A Wat Ratchaburana ma a 1957 ɓarayi sun fasa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa suka kwashi zinare, abun da aka ƙwato da wanda aka tono daga baya yana gidan tarihi na Chao Sam Phraya a cikin garin, kuma ke da kika san gwal ina ganin nan zai fi miki daɗi akan wani kangon, ga sanyin esi.

Abinci shi ne inda zaki buɗe ido da kyau. Abincin ranan da suka ce yana cikin kuɗin yawanci na ɗibi da kanka ne, wani kamfanin a gidan abinci wani a jirgin ruwan da yake dawowa da mutane ta kogi, kuma alade a girkin Tailan ruwan dare ne, har a romo da cikin shinkafa. Taliyan da garin ya yi suna da ita, wadda suke cewa taliyan kwale-kwale, da jini ake kaurara romonta, ko ta naman shanu ce ki bar ta sai a shagon Musulmi. Tun kafin ki biya ki tambaya a rubuce ta WhatsApp ko akwai halal, in suka fara kame kame ki ce a cire miki kuɗin abincin. Garin yana da gidajen abincin Musulmi da yawa, ki duba tambarin halal ko ki duba mai girkin. Kuma dan Allah kar ki baro garin baki ci alewan nan da suke kira roti-sai-mai da yarensu ba, asalinta sana'an Musulmin garin ce, sukari ake ja ana ninkawa ana ja har ya zama zare siriri lis, a ba ki shi a leda ɗaya da wasu faifayen fulawa masu laushi a wata ledan, ki ɗibi zaren ki shimfiɗa a tsakiya ki naɗe ki kai baki tun kafin iska ta sa ya yi danƙo. Tsaraban yara ne mai kyau sai dai faifan ba ya jure kwanaki.

Sallah kuma, azahar a can tana shiga tsakanin sha biyu da sha biyu da rabi, dai dai lokacin da motan take tsayawa cin abinci, motan haɗaka kuma bazata jira ki ba kuma ba masallaci a tsarinta. Ki riƙe darduma ƙarama a jaka ki fita da alwala, kuma ki tuna alƙibla a can yamma take ta ɗan karkata arewa, kar sabo ya sa ki fuskanci gabas, ki duba a waya. Kar ki shimfiɗa a cikin kangon inda gunki yake gabanki.

Shi yasa ma tunda ku uku ne shawarata ku manta da motan haɗakan, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota taku da direba da mai jagora, in an raba uku bambancin ba zai kashe ku ba. Ku zaku ce ga inda za'a tsaya ga inda za'a wuce, a kai ku masallaci kaman Kudi Cho Fa wanda yana cikin tsofaffin masallatan garin, a nuna muku kabarin Shehu Ahmad, wani bafarishe ɗan garin Kum da ya zo fatauci a farkon shekarun 1600 ya zama babba a fada, shi ne na farko da ya riƙe sarautan Chularajmontri, shugaban Musulmin ƙasan, sarautan da har yau ana naɗawa. Motan otel bata cika bi ta nan ba. Ku tabbatar mai jagoran yana da katin lasisi a wuya, a dokansu ɗan ƙasa ne kawai yake wannan aikin, ku tambaya ko kuɗin shiga wuraren yana ciki, ku ce ba kwa son a biya da ku shagon gwala-gwalai ko na tela. In wani abu ya taso lamban 'yan sandan baƙi 1155 ne. Kuma in jirginku na daren ranan ne ku ce a dawo da ku da wuri, go-silon yamma a Bankok ba ya jin magiya.

TAMBAYA

Anti ni ɗalibi ne, zan raka yayana asibiti a Bankok kuma aljihun ba nauyi. Dole ne sai da mai jagora? Ba zan iya zuwa Ayutayan da kaina ba?

Wani ɗanki daga Wunti, Bauchi

AMSA

Allah ya ba yayanka lafiya ɗana. Ba dole bane ko kaɗan. Jirgin ƙasa yana tashi daga babbar tashan Krung Thep Aphiwat ya ajiye ka a Ayutaya cikin awa ɗaya da wani abu zuwa biyu, kujeran talakawa arha ce sosai, akwai kuma ƙananan bas daga tashan mota ta Mo Chit. In ka sauka ka tsallaka kogi da kwale-kwalen fito, ka yi hayan keke ko ka yi cinikin awa da mai tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, ku gama maganan kuɗi da yawan wuraren kafin ka hau. Abun da zaka rasa shi ne labari, don in ba mai ba ka tarihi kango na uku zaka ji duk bulo ɗaya ne, saboda haka ka yi karatu a intanet tun dare ka zaɓi uku ko huɗu kawai. Ka fita da sassafe da hula da ruwa, wajen ba inuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai gumi ba irin namu busasshe ba, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. In tafiyan ta faɗo 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ne, ruwa ake watsa wa kowa a titi ba sani ba sabo, ka saka waya da fasfo a leda. Wajen Satumba da Oktoba kuma kogi yana cika, a 2011 ambaliya ta shanye wuraren tarihin na makonni, ka tambaya a otel ko na bakin ruwan a buɗe suke kafin ka yanki tikiti.